ZAUREN 'YAN MATA: Yadda Jingar Autarmu Ta Kai Tsofaffi Salaga

   Wasiƙunku duk sun iso, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Masu tambayar kashi na uku na littafina ku ƙara haƙuri, yana wajen masu ɗab'i, tsadar takarda ce ta riƙe mu.

To amma akwai wasu 'yan ƙannena da zan ja wa kunne. A watan nan wasiƙa huɗu na samu duk maganarsu ɗaya: "Anti don girman Allah malaminmu ya ba mu jinga, ki taimaka ki rubuto min tunda ke kin iya tsara magana." Wata ma har da cewa in yi sauri kafin ranar Litinin, kamar ta ba ni ajiya. To ku ji da kyau, ba zan rubuta ba. Sai dai zan ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu a zangon karatun da ya wuce, don tun lokacin yake cina, kuma sai da na nemi izinin masu labarin kafin na ɗauki biro.

Mu dai a Gwagwarwa muke cikin ƙaramar hukumar Nassarawa, inda in iska ta kaɗo daga Bompai wata rana ki ji ƙanshin alawa da biskit, wata rana kuma ƙaurin roba ya hana ki sakat. Babanmu shekara 19 ya yi yana aiki a wani kamfani a can, sai bara aka rage ma'aikata abin ya faɗa da shi. Tun daga nan kuɗin makarantar Autarmu, wadda ke aji huɗu na sakandare, ya zama abin da ake ƙus-ƙus a kansa da daddare. Har wani baffanmu ya fara cewa ai yarinya ta yi girman ɗaki, me ake jira?

Ana cikin haka malaminsu na tarihi ya ba su jinga, shafi goma, a kan kasuwancin Kano jiya da yau, tun daga ayarin fatake har zuwa masana'antu. Makaranta kuma ta ce mutum uku da suka fi kowa za a yafe musu kuɗin zango guda. Kun ga kuwa ga wasu wasa ne, ga Auta ba wasa ba ne. Ƙawayenta tuni suka nufi shagon kwamfuta, a biya a bugo musu, wasu kuma suka tambayi manhajar nan ta waya mai rubuta wa mutum komai. Ita kuwa ko kuɗin bugawar ba ta da shi.

Ɓangaren "yau" bai ba ta wuya ba. Baba ya ari mashin ɗin maƙwabcinmu ran Asabar, ya goya ta suka zaga. Ya nuna mata Bompai, wadda ita ce uwa a rukunin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa aka yanke ta. Suka je Sharada inda ake buga bokiti da silifa da tabarmar roba da leda, suka gangara Challawa wajen masu jimar fata, ta dawo tana toshe hanci tana ba mu labarin ruwa mai launi da ke kwarara ta bayan katanga. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ƙofofin da ke garƙame, ciyawa ta fito a bakinsu, wasu an mai da su ɗakin ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje. Baba ya ce mata lissafin ba shi da wuya: babu tsayayyiyar wuta, man janareta ya yi tsada, ga atamfar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. Shafi biyar ta cika a daren nan.

Ɓangaren "jiya" shi ne ya tsaya. Littafinsu layi uku ya yi a kai, wai fatake suna zuwa Gwanja su sayo goro, shi ke nan. Ta tambayi Baba ina ne Gwanja, ya ce can yamma dai. Umma tana tankaɗe tana jinsu, sai ta ce, "Ikon Allah, ga ruwa a gida kuna taimama. Ki kira kakanki mana."

A nan sai na yi muku bayani. Ummanmu haifaffiyar Kumasi ce ta ƙasar Gana, kuma iyayenta, Alhaji da Hajiya, har yanzu suna can a unguwar Aboabo cikin zango. Kakan Alhaji falke ne Ba'agale daga wajen Bebeji, ya tafi sayen goro bai dawo ba, ya yi aure ya hayayyafa. A shekarar 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar Gana. Wan Alhaji ya tattara iyalinsa ya taho Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin kakansa, shi kuwa Alhaji ya zauna. Don kada zumunci ya tsinke, da Umma ta isa aure sai ya aiko ta aka haɗa ta da ɗan wansa, wato Babanmu. Kafin wata ta ce kai mutanen Gana ba su da kirki, ta tuna mu ma a 1983 zamanin Shagari mun kore su, fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma daga nan jakar nan da kuke zuba kayan makaranta ta samo sunanta na Gana-mas-go.

To Auta ta daɗe ba ta son karɓar waya in tsofaffin nan sun kira. Dalili kuwa wata rana ƙawayenta suna gidan Hajiya ta kira, aka sa a amsa-kuwwa, sai ta ce, "Ina yarinyan nan? Ya ci abinci kuwa?" Ai kuwa suka fashe da dariya, aka yi sati ana tsokanarta a aji da "ya ci abinci". Hausar Gana haka take, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Ni dai ban ga abin dariya ba. Mutanen da suka yi shekara sama da ɗari a tsakiyar Tonawa, wato mutanen Asante, suka riƙe harshensu da sallarsu da tuwonsu, su ne za a yi wa dariya? Ke da kika yi wata uku a makarantar kwana kika dawo kina cewa "wai ya sunan abin nan ma da Hausa"?

Da dai ta ga uwar bari, ta kira. Alhaji yana ɗauka ya ce, "A'a! Amarya, yau an tuna da tsohon miji? Ko kuɗin cefane ne ya ƙare?" Daga gefe muka jiwo Hajiya tana cewa, "Kishiyan nan ba ya kira sai da dalili, ka tambaye shi me yake so." Auta ta sunkuyar da kai kamar suna ganinta, ta gaishe su, sannan ta karanta masa abin da ta rubuta: fatake suna zuwa ƙasar Gwanja inda ake noman goro.

Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Amarya, wa ya gaya miki goro yana fita a Gwanja? Ko itace ɗaya babu. Gwanja fili ne irin naku, ga dawa ga doya ga kaɗanya. Goro ɗan kurmi ne, a ƙasar Tonawa yake, nan inda muke. Su ne ba sa barin baƙo ya shigo musu kurmi, sai su ɗauko goron a ka su kai Salaga, can ake haɗuwa da mutanenmu. Salaga kasuwa ce." Sai ya yi shiru, can ya ce, "Kin san abin kunya? Shekarata 78, kakana a Salaga ya fara sauka, amma ban taɓa taka garin ba." Hajiya ta ce, "To sai ka tashi mu je, gani ya kori ji. Kada kishiya ya faɗi jarrabawa a ce mu ne."

Wallahi mun ɗauka wasa ne. Umma har faɗa ta yi, ta ce Hajiya ga ciwon gwiwa, Alhaji ga hawan jini, kuma kuɗin motar daga ina? Ashe ɗan abin da yake tarawa don gyaran rufin ɗaki ya ciro. Suka ɗauki ɗan kawunmu, saurayi ne mai wayo, shi zai riƙe waya ya yi hoto ya turo ta WhatsApp. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: Auta ta samu masu yi mata yawo kyauta.

Ranar farko a cikin Kumasi suka yi ta. Suka je wajen 'yan goro, Alhaji ya sa aka kwance huhu, yana ɗaga goro ɗaya-ɗaya gaban waya yana cewa wannan marsa, wannan daushe, ga fari ga ja, ga kuma ganyen da ake naɗe shi. Ya ce wahalar goro ita ce ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son a manta da shi, dole a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince mai tsutsa, in ba haka ba guda ɗaya ya lalata huhu. Hajiya ta ce, "Kamar mace ke nan." Suka leƙa babbar kasuwar Kejetia, suka je gidan tarihi na Manhyia, gidan da Turawan Ingila suka gina wa Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1925 bayan ya dawo daga tsibirin da suka kai shi zaman dole. A can Alhaji ya ba ta labarin rigar yaƙin sarakunan Asante da ke cike da layu, aikin malaman Musulmi. Hajiya kuwa ba ruwanta da sarakuna, ita abinci take sa a ɗauka: ga wace, shinkafa da wake ke nan da duk Gana ake ci da sunan da aka gutsuro daga Hausa, ga koko da ƙosai, ga tuwon zafi. Ta ce a gaya wa malamin, fatake ba goro kaɗai suka ɗauka ba, sun bar tukunyarsu a can.

Kashegari da asuba suka hau mota suka yi arewa. Mampong, Ejura, Atebubu, Prang, duk inda aka tsaya sai Alhaji ya sa a ɗauki allon sunan gari, kuma duk inda suka sauka sai sun sami zango da masu jin Hausa. Ya ce mata kalmar zango ma ai ta fatake ce, wurin da ayari ke sauke kaya a kwana, yau ga shi ta zama sunan unguwannin Musulmi a duk faɗin Gana. A Yeji hanya ta ƙare, sai ruwa iya ganinki. Tafkin Bolta ke nan, wanda ya taru bayan an gama madatsar Akosombo a 1965 zamanin Nkrumah, ya cinye garuruwa har aka tashi mutum wajen 80,000. Da jirgin fito ake tsallakawa zuwa Makango, motoci da mutane da awaki duk a ciki. Saƙon muryar da Hajiya ta turo daga tsakiyar ruwan nan har yau in muna son dariya shi muke kunnawa, rabinsa salati ne rabinsa zagin kishiya.

A cikin jirgin ne Alhaji ya zauna ya yi mata karatun ayari, minti goma sha ɗaya, Auta ta saurara ta fi sau goma tana rubutawa. Ya ce madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, jakuna ɗaruruwa, mata ma suna ciki suna dafa abinci suna ɗan kasuwancinsu. Daga Kano a ɗauki baƙin rini da turkuɗi irin na Kura, da kanwa, da jar fata da takalma, da busasshiyar albasa. A tsallake Kwara, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suke, ko'ina a biya kuɗin fito da gaisuwar sarki, a bi ta Yandi a faɗa Salaga. Zuwa da dawowa wata shida, wani lokaci shekara. Ya ce manyan masu wannan fatauci a Kano su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Da Auta ta ji Tokarawa sai ta yi tsalle, don ga unguwar Tokarawa nan kusa da mu ta hanyar Haɗeja, kullum tana jin sunan a bakin 'yan adaidaita. Ni kuma na ɗauko mata abin da littafin tarihin sarakunan Kano ya faɗa, cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, shekara sama da 500 ke nan, aka buɗe hanyar Gwanja. To ki duba goron da ake rabawa a ɗaurin aurenki, ki ji irin tafiyar da ya sha kafin ya zama al'ada.

Sun shiga Salaga da la'asar. Alhaji ya ce gari ne madaidaici, shiru, in ba a gaya miki ba ba za ki ce nan ne kasuwar da ake jin labarinta har Borno ba. Suka sauka gidan wani limami da ya karɓe su hannu biyu don kawai sun ce jikarsu ce ke karatu a Kano. Da safe aka haɗa su da wani dattijo ya zaga da su. Ya nuna musu rijiyoyi birjik, don garin ana yi masa kirari da mai rijiya dubu. Ya ba su labarin yadda kasuwar ta mutu: a 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi suka ƙone ta, Gwanja ta ɓalle daga hannun Asante, su kuma Tonawa suka janye goronsu. A 1892 rikicin sarauta ya tashi, aka watse, fatake da malamai suka bazu. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, babban malamin nan marubucin waƙoƙi da Larabci da ajami, wanda aka haifa a Kano, ya koma Karaci ya zauna har ya rasu a 1934. Ku ji fa, ɗan Kano ne, a Gana kowane almajiri ya san shi, mu nan sai ki tambayi aji guda ba wadda ta taɓa jin sunansa.

Har zuwa nan kowa murna yake. Sai saƙo ya ɗauke tun daga hantsi har bayan isha'i. Umma ta kasa zaune ta kasa tsaye. Da saƙon ya zo, hotuna ne guda uku babu magana: wani fili da itacen kuka, wasu ramuka na ruwa, da wani kwari mai ciyawa. Can sai ga muryar Alhaji, ba wasa a cikinta ko kaɗan. Ya ce filin nan kasuwar bayi ce. Ramukan nan sunansu Wankan Bayi, nan ake wanke su a shafe su da man kaɗe don su yi kyan gani kafin a kai su kasuwa. Kwarin kuma Rafin Angulu ake ce masa, nan ake jefar da wanda ya mutu. Ya ce, "Amarya, sunayen nan da Hausa suke, ba wanda ya fassara min. Ayarin da na gaya miki, ba kanwa da rini kaɗai suke saye da sayarwa ba. Amma wannan ki bar shi a cikinki, kada ki sa a takarda."

Bayan minti biyu sai ga na Hajiya. Tunda nake ban taɓa jin ta kira Auta da wani suna ba kishiya ba sai ran nan. Ta ce, "Jikana, ka rubuta. Kakana mace, wanda ya goye ni, yana da tsage a fuska irin wanda ba na Hausawa ba. Muna yara in mun tambaya sai ya kore mu. Sai da ya kusa rasuwa ya gaya min, shi Bagurunshe ne, mayaƙan Babatu suka kama shi yana yarinya ya je ɗiban ruwa, aka kawo shi garin nan, wani falke ya saye shi da goro da wuri. Bai ƙara ganin uwarsa ba, sunan garinsu ma ya manta. Yau na tsaya inda aka wanke shi. Shekara 50 ina auren kakanka ban gaya masa ba sai yau. Ka rubuta, ka sa da cewa ni na ce."

Babatu ɗin nan Bazabarme ne, shi da mayaƙansa suka addabi ƙasar Gurunshi a shekarun 1880, mutanen da suka kama kuwa da yawa a Salaga aka sayar da su. Wannan yana cikin tarihi, ba ƙagen Hajiya ba ne.

Ranar nan ba a yi barci da wuri a gidanmu ba. Umma ta yi kuka, da ta share hawaye kuma sai ta ce atafau ba za a rubuta ba. Ta ce, "Ku ba ku san Kano ba ne? Ina da 'yan mata biyu a gabana. Gobe wani ya fito, danginsa su shiga binciken asali, a ce ai jikokin baiwa ne, su da bakinsu suka rubuta. Wa gari ya waya?" Kada ku ga laifinta, ba ƙarya ta faɗa ba. Ni da kaina na san auren da aka fasa bayan an kai lefe saboda wata tsohuwa ta rantse ta san kakan kakan yarinyar a gidan wane yake. Ku ma kun san irinsa, wasunku ma sun rubuto min a kai.

Amma ni abin da na gaya wa Umma, cikin ladabi, shi zan gaya muku. Yarinya ta tafi ɗiban ruwa aka sace ta. A cikin labarin nan wa ya kamata ya ji kunya, ita ko wanda ya sace ta, ko wanda ya ƙirga goro ya biya? Mu kuma jinin duka biyun ne a jikinmu, na mai saye da na wadda aka saya, to don me za mu yi ta tinƙaho da falke mu ɓoye ta? Sarakuna nawa aka yi a ƙasar Hausa waɗanda sa-ɗaka ce ta haife su, ana faɗuwa ana gaishe su? Masu binciken asalin nan da za a bi nasu a hau bakwai, da yawa sai sun nemi wurin ɓuya. Saurayin da zai fasa aurena don an sace kakar kakata tana 'yar shekara takwas, wallahi ya taimake ni, ya tafi Allah ya raka taki gona.

Baba ne ya raba gardamar. Tun da aka fara bai ce uffan ba, sai da aka gaji ya ce, "Mai labari ta ce a rubuta. Mu su wa?"

Sauran aikin haɗa jiya da yau ne, kuma a nan Alhassan Ɗantata ya yi mata gada. An haife shi a Bebeji a 1877, shi ma Ba'agale, ya yi fataucin Gwanja, sannan yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara, wato Accra babban birnin Gana, zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jaki ya huta, Ɗantata ya koma sayen gyaɗa, aka yi dalar gyaɗa, ya rasu a 1955 ana cewa duk Afirka ta Yamma ba mai kuɗinsa. Aliko Ɗangote ta wajen uwa jininsa ne. Goron ma daga baya Yarabawa suka dasa irin na Asante a wajen Shagamu, shi ne yawancin wanda ake saukewa a kasuwar Mariri. Auta ta rubuta cewa kuɗin goro ya zama kuɗin gyaɗa, kuɗin gyaɗa ya shiga kamfani, sannan ta rufe da tambayar da Baba ya kasa amsa mata a ƙofar tsohon wurin aikinsu: da Kano ke kai wa Gwanja tufa, yau wa ke kawo wa Kano?

Shafi goma aka ce, goma sha shida ta kai, da rubutun hannu, da hotuna shida da muka wanko da kuɗin da na samu na wani littafi. Malamin da ya karanta sai ya kira ta ofis, ya ce ta faɗi gaskiya wa ya rubuta mata, don ya san yayarta marubuciya ce. Ta ce a ba ta izini ta kawo wayar Umma. Kashegari ta kunna masa muryar Alhaji a cikin jirgi, da ta Hajiya. Ta ce har ya gama ji bai ɗago kai ba. Daga baya ya sa aka kunna wa aji gaba ɗaya, kuma 'yan "ya ci abinci" suna zaune a wurin, ba wadda ta yi ko tari.

Ta biyu ta zo. Wadda ta zo ta ɗaya a kan marinar Ƙofar Mata ta yi nata, kakanta marini ne, kuma Auta da kanta ta ce ya fi nata tsari. An yafe kuɗin zango guda, na gaba kuma Allah yana nan, baffa dai ya yi shiru da maganar ɗaki tukuna.

Da aka gaya wa tsofaffi, Hajiya ta koma gidan jiya, ta ce ita da ta sha ruwan Bolta saboda kishiya, ta biyu kawai zai zo? A biya ta kuɗin man zafin gwiwarta. Rufin ɗakin Alhaji kuwa har yanzu yana yoyo, mun haɗa ɗan abin da ya samu ni da Baba mun aika ta hannun wani direban Mariri. Shi kuma ya aiko mana da ƙullin marsa fari sol, da saƙo cewa in Allah ya kai mu babbar sallah zai zo Kano, rabonsa da ita tun bikin Umma. Ya ce Amarya ta shirya, ita za ta zaga da shi, yana son ya ga Bebeji, ya ga Kurmi, ya ga Bompai ɗin nan da ake faɗa, kuma shi ma zai riƙe biro da takarda.

A fitowa ta gaba in sha Allahu za mu taɓa maganar 'yan matan da ke karɓar waya daga hannun samari ba da sanin iyaye ba, don wasiƙu sun taru a kai. A gaida su Umma da su Anti. Ku huta lafiya.

Taku har kullum.